Raken Baba Da Faifan Hajiya Zainab

Abin da ya fara kama idona a sanarwar ba rangwamen ba ne. Layin ƙarshe ne, wanda aka rubuta da ƙananan haruffa: "Goma kawai muke ɗauka, kuma sai mun gwada. Zainab." Ina zaune a fadarmu ta 'yan shayi bayan la'asar, ana zuba shayi na biyu, na karanta sunan nan har sau uku. Kafin a zuba na uku na riga na yi mata dogon hanci, na sa mata mayafi ruwan hoda, na zaunar da ita kusa da taga tana jiran wani baƙo daga arewa.

Shekara huɗu ke nan da yin tafiyar, amma har yau duk wanda ya shigo fada sai ya ce, "Laminu, ba mu labarin Kano." Idan na yi nawa, wani ya karɓe bakin ya ba da nasa, ya ƙara gishiri. Har na ji an ce wai na yi kuka a tasha. Ban yi ba. Shi ya sa na ga gara in rubuta sau ɗaya, kowa ya huta.

A lokacin ina da rumfar cajin salula a bakin tashar Matameye. Kowa ya san ni da karatun littattafan soyayya, irin waɗanda ake kawowa daga Kano cikin buhu, bangonsu ya sha hannu. Saboda haka mazan da suka tafi ci-rani sukan kira ni su ce, "Laminu, tsara mini 'yan kalmomi in tura gida." Da abin ya yi yawa, sai na zauna da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta, da na saya hannun wani malamin lekol, makarantarmu ta boko, na koyi haɗa manhaja. Na sa mata suna Kewa. Na zuba saƙonni arba'in a ciki, kowanne na yi masa ado kamar ɗakin amarya. Mutum ya buɗe, ya zaɓa, ya tura wa matarsa.

Masu saye ba su da yawa. Baba kuwa, wanda garkarsa ta rake ke jiran hannu, ya ba ni wa'adi. Ya ce, "Idan ruwan farko ya sauka abin nan naka bai zama sana'a ba, ka rufe rumfa ka biyo ni garka." Bai ɗaga murya ba. Baba ba ya ɗagawa, kuma ba ya maimaitawa.

Nan ne Faifai ya shigo. Faifai wani rangwame ne da ake yi duk shekara a goman ƙarshe na azumi. Ana zaɓar manhajoji goma na masu aiki su kaɗai, waɗanda ba su da kamfani a bayansu, a sayar da su rabin kuɗi. Mutane daga ɓangarorin iyaka biyu suna jiransa, don an san abin da ya hau Faifai yana aiki. Duk wanda ya shiga, sunansa ya fita ke nan. Na tura Kewa tun azumi da saura. Bayan kwana tara amsa ta zo: "Mun gani. Ka zo da kanka ranar Laraba. Zainab." A littattafan da na karanta, da irin wannan gajeren saƙon ake fara komai.

Inna ta ce ba a zuwa wurin mutane hannu rabbana. Da safe na tarar Baba ya ajiye mini damin rake a ƙofar ɗakina, sanda goma sha biyu, masu kauri, ya zaɓo su da kansa ya ɗaure da igiyar kaba.

Motar iyaka ta cika wajen hantsi. Raken ya ƙi shiga but, ya ƙi zama a sama saboda buhunan da aka lafta, sai aka zura shi ta tsakiyar mota, kansa kusa da direba, gindinsa a kujerar baya. Wata Hajiya Tabawa, mai fataucin atamfa, ita ta zauna kusa da ni, raken na tsakaninmu kamar katanga.

Ta dube ni, ta dubi sabon takalmina, ta ce, "Ɗan nan, gaisuwar surukai za ka?"

Na ce, "A'a Hajiya, aiki ne."

"Aikin da ake zuba wa turare haka tun daga gida? Sunanta?"

Na ce, "Zainab," kafin in kama bakina.

Motar ta ɗauki dariya. Hajiya Tabawa ta ce ai yarinyar birni ba za ta iya da sanda goma sha biyu ba, haƙoranta za su zube, taimako ne a rage mata. Ta zaro wuƙa daga jakarta. Kafin mu kai Dan Barto sanda biyu sun tafi, kowa na tsotsa yana sa mini albarka, yana tofar da ɓawo ta taga.

A iyaka muka sauka aka duba katunanmu. Jami'in da ya karɓi nawa ya tambayi abin da zai kai ni Kano, na nuna masa Kewa. Ya gyara tsayuwa, ya karanta saƙon da ke sama, leɓensa na motsi: "Ya tauraruwar da ke haska lambun zuciyata, tun da na bar ki barci ya yi ƙaura daga idona." Ya ɗago kai. Ya ce matarsa na Damagaram, wata biyu bai je ba. Nan take ya sa manhajar a salularsa, ya danna na saman, ya tura. Na ba shi sanda guda don farin ciki, ya ƙi, na matsa, ya karɓa. Na tsallaka iyaka ina jin kamar ƙafata ba ta taɓa ƙasa.

A ɗaya ɓangaren muka canza mota, muka canza kuɗi. Aka miƙo mini takardu cike da hannu, na ji ni attajiri ne, har sai da muka tsaya cin abinci a Daura na ga yadda suke narkewa. Na ci shinkafa da wake da mai da yaji, abin da suke kira garau-garau. Ya yi daɗi, sai dai yajinsu gishiri ya fi yawa. Hajiya Tabawa ta ce haka mutanen kudu suke, komai nasu da sauri, har yaji ba sa jira ya daku.

Kafin Kazaure taya ta fashe. Muka zauna gindin wata bishiyar maina kusan awa biyu, direba ya hau babur ya tafi neman faci. Zaman jira yana buɗe ciki, sanda uku suka bi 'yan'uwansu. Da direban ya dawo, Hajiya Tabawa ta ba shi labarin manhajata, shi ma ya ce a sa masa. Ya duba da hannunsa mai baƙin mai, ya danna na saman, ya tura. Na lura, amma abin da na ce a raina shi ne, lallai saƙon farkon nan na iya rubuta shi.

Mun shiga Kano gab da magariba. Abin da na fara koya shi ne gaisuwa ba ta da wurin zama a garin nan. A Matameye idan za ka tambayi hanya sai ka tambayi gida da yara da gajiya da sanyi, mutum ya amsa duka, sannan ya raka ka. A nan na yi wa wani sallama, na fara "ina wuni, ina gajiya," ya nuna mini gabas da haɓa ya wuce. Mai adaidaita sahu ya ce kuɗin mutum biyu zan biya, ni da raken. Hajiya Tabawa ta yi masa tas, ta sa ya ɗauke ni, ta ce in gaida Zainab, ta ɓace cikin mutane da sanda guda a hammata. Saura biyar.

Na sauka wurin Kawu Isufu, ƙanin Inna, mutumin Kurni, wanda ke da teburin shayi kusa da wata tasha. Shekara goma sha yana zuwa Kano duk rani. Ya haɗa mini shayi a wani kofi da zai iya zama kwanon wanka, da madara da biredi da ƙwai. Na ce, "Kawu, wannan ai kunu ne."

Ya ce, "Sha. A gida shayi hira ce, a nan abinci ne."

Ɗakin da suke kwana mutum bakwai ne a ciki, duk 'yan wajenmu, tabarmi jere, kaya rataye a ƙusa. Cikinsu akwai wa da ƙani daga Tsauni, Hamisu da Garba, masu tura kurar ruwa. Na san su, suna cikin waɗanda suka fara sayen Kewa. Na tambaye su yadda suka same ta.

Hamisu ya ce, "Madalla. Ta yi."

Garba ya dubi Hamisu, ya dubi rufin ɗaki, ya ce, "Allah Ya ƙara basira."

Na kwanta da murna. A wajenmu idan mutum ya ce maka madalla yana kallon rufi, ya kamata ka sake tambaya. Na san haka sarai. Amma ranar hankalina na wurin taga da mayafi ruwan hoda.

Ranar Laraba na sa shaddata, na ƙarar da sauran turaren, na saɓa rake. Wurin wani ɗaki ne a saman bene, bisa shagon kayan masarufi. Na tarar da matasa kamar goma sha biyar a kan benci, kowa rungume da kwamfutarsa, kamar layin asibiti. A bakin ƙofa wata dattijuwa na zaune kan kujerar roba, da tabarau a ƙarshen hanci, tana ɓare gyaɗa a cinya.

Na durƙusa na gaishe ta. Ita ta amsa gaisuwar har ƙarshe, ta tambayi hanya da mutanen gida. Na ce, "Mama, don Allah Zainab nake nema."

Ta ce, "Ka same ta."

Na leƙa bayanta. Ba kowa sai fanka.

Ta ce, "Kai ne Laminu na Matameye. Turaren nan duk nawa ne?"

Matasan benci suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Daga baya na ji cewa Hajiya Zainab ta shekara talatin tana koyar da ilimin kwamfuta kafin ta yi ritaya, jikokinta shida, kuma ba ni ne na farko da ya zo da shadda ba.

Na ajiye raken a gabanta na ce tsaraba ce daga Baba. Ta shafa sanda guda, ta ƙwanƙwasa ta da farce, ta ce wanda ya noma wannan ya san aikinsa. Sannan ta ce, "Jingine shi a lungun can. Ga ƙa'idata. Idan ka shiga Faifai, ka koma da abinka, kada a ce rake ya shigar da kai. Idan ba ka shiga ba, mu sha tare."

Ban taɓa jin inda ake karɓar kyautar wanda ya faɗi a mayar da ta wanda ya ci ba. A gida da an ce raini ne. Na jingine shi ina addu'ar in koma da kayana.

Na zaci Faifai suna ne kawai, ashe akwai faifan na gaske. Yana kan tebur, na kaba, da tsofaffin wayoyi huɗu a kai: ɗaya fuskarta a fashe, ɗaya an ɗaure ta da kyauro, ɗaya cikinta ya cika da hotunan biki har ba ta numfashi. A kansu take gwada komai. Ta ce wayar mai manhaja kullum sabuwa ce, wayar mai saye kuwa ga irinta nan.

Na zauna ina kallo. Wani saurayi mai gilashi ya kawo manhajar da ya ce tana yin abu talatin. Hajiya ta kashe rezo, abin da su suke kira sabis, manhajar ta tsaya tana juya wani ɗan zobe har Hajiya ta gama ɓare gyaɗa biyar. Ta nuna masa wayar ta ce ya dawo da abu ɗaya da ke aiki a ƙauye. Wani kuma tasa na aiki lafiya, amma Hajiya ta buɗe wani littafi ta ce, "Watan jiya farashinka kaza ne. Makon nan ka ninka shi. Idan na raba biyu, me na rage wa mutane?" Ya ce ai haka ake yi a kasuwa, a faɗi da yawa don a taya. Ta ce, "A kasuwa mai saye ya san ana tayi. A nan ya yarda da ni ne, bai zo da shirin faɗa ba." Na ji tausayinsa, don ni ma na yi wannan tunanin a mota, Allah Ya sa rashin rezo ya hana ni. Wata yarinya kuma mai suna Nafisa ta kawo manhajar ajiye awon ɗinki. Hajiya ta aika aka kira tela daga ƙasan bene, ta ba shi wayar nan mai kyauro ba tare da bayani ba. Ya yi 'yan danne-danne, ya ce, "Wannan nawa ne?" Hajiya ta rubuta sunan Nafisa.

Aka zo kaina. Kewa ta buɗe da sauri a duk wayoyin huɗu. Aka kashe rezo, ba ta damu ba. Hajiya ta karanta saƙonni kamar goma, girarta na hawa tana sauka. Ta ce, "Hannunka na da tsabta. Kuma ka iya zuba zuma." Na gyara zama. Sai ta ce, "Amma ni ba mijin kowa ba ce. Su wa ke amfani da ita?"

Na ce da alfahari akwai biyu a masaukina.

Ta cire tabarau, ta ɗauki jaka. "Mu je."

Haka muka shiga adaidaita, ni da shaddata da Hajiya Zainab, muka sauka a teburin Kawu ana gab da azahar. Kawu ya goge benci sau biyu. Aka nemo Hamisu da Garba, suka jingine kurarsu, suka tsuguna.

Hajiya ta ce, "Kun tura wa iyalanku saƙon yaron nan?"

Hamisu ya ce, "Mun tura, Hajiya. Madalla."

"Me suka ce?"

"Sun gode."

Ta dubi Garba. Garba ya nemi rufi, babu rufi sai rumfar buhu. Ta ce, "Malam Garba, ba ƙararsa na kawo ba. Idan kun rufa masa yau, gobe mutum dubu za su saya. Me matarka ta ce?"

Garba ya share gumi. Ya ce, "Hajiya, ɗan 'yar'uwar Isufu ne. A teburin nan muke karyawa."

Kawu ya ce, ba tare da ya juyo daga tukunya ba, "Faɗa mata. Ni ma na gaji da riƙe dariya."

Sai labari ya fito. Matar Hamisu, Saude, da matar Garba, Larai, gida ɗaya suke a Tsauni. Dukansu ba su yi lekol ba, don haka idan saƙo ya zo sukan kai wa matar malamin makaranta ta karanta musu. Saude ta kai nata da safe, aka karanta mata tauraruwa da lambun zuciya, ta dawo gida tana rangaji, ta ƙi gaya wa kowa. Da yamma Larai ta kai nata. Matar malam ta fara karantawa, ta tsaya, ta ce, "Wannan ai na karanta shi ɗazu." Kafin mako ya ƙare ta karanta shi sau bakwai, ga mata bakwai. Yanzu a bakin rijiyar Tsauni haka mata ke gaisawa. Wata ta ce, "Ina kwana, tauraruwa," a amsa mata, "Lafiya lau, ya lambu?"

Hajiya ta rufe baki da gefen mayafi. Na ji shaddar ta yi mini nauyi.

Na ce, "Amma saƙo arba'in ne a ciki. Me ya sa kowa na farko?"

Hamisu ya ce, "Laminu, mutum ya wuni yana tura ruwa, karatun ma da ƙyar yake haɗa baƙi. Wa zai bi arba'in? Na saman muke dannawa." Na tuna jami'in iyaka. Na tuna direba da baƙin yatsansa.

Hajiya ta ce, "Larai ta ba da amsa?"

Garba ya ciro wayarsa ya kunna. Muryar mace ta fito, a gajiye, ana jin daka a bayanta: "Garba, wane lambu? Akuya ta haihu tun ran Juma'a, biyu ta haifa, ba ka tambaya ba. Idan barcin ya ƙi zuwa ka sha jiƙo."

Har masu jiran mota suka yi dariya. Ni ma na yi, don babu wata hanya.

Hajiya ta juya ga Kawu. "Kai fa, Malam Isufu? Ka tura?"

Kawu ya ce shi bai sa ba. Ya ce idan ya kira matarsa Rabi tauraruwa za ta zaci an yi masa asiri a Kano.

"To da za ka gaya mata wani abu yau, me za ka ce?"

Kawu ya dube ni, kunya ta kama shi, don ba a irin wannan magana gaban ɗa. Ya yi ta juya cokali a kofin da babu komai ciki. Can ya ce, "Ba wani abu. Sai dai yajin da ta ƙulla mini a leda ranar da zan taho. Saura ɗan kaɗan a ƙasa. Na daina ci. Da safe nakan buɗe in sansana, in mayar."

Littafi nawa na karanta, ban taɓa cin karo da wannan ba.

Hajiya ta ciro waya ta ce, "Maimaita a nan." Ta danna masa wurin ɗaukar murya. Ya ƙi, ta tsare shi da ido, ya juya mana baya ya faɗa wa tukunya. Aka tura saƙon zuwa wayar 'yarsa a Kurni. Kafin ruwan shayi ya sake tafasa amsa ta zo. Da farko dariya ce kawai, doguwa. Sannan muryar Inna Rabi: "Tsoho da kai. Cinye abinka, an daka wani. Direban Litinin zai kawo." Ba ta kashe ba. Ta ƙara da, "Ka ji ko?" a hankali, irin muryar da ban taɓa jin ta yi ba.

Kawu ya zuba wa wani sukari sau biyu.

Da muka koma saman bene matasa sun ragu. Hajiya ta zauna, ta mayar da tabarau, ta dubi lungun da raken yake. Ta ce, "Nafisa, leƙa ƙasa ki aro mana wuƙa."

Na ce, "Hajiya, ai gyara kaɗan ne. In juya jerin, kowa ya ga wani daban a sama."

"Sai mata bakwai su sami ƙarya bakwai maimakon ɗaya."

Na ce akwai masu rangwame da ke ɗaukar manhaja ɗari biyu, ba sa tambayar kowa komai. Ta ce ta sani, ƙofarsu a buɗe take, ba za ta riƙe ni ba. Ta fere gaɓa guda ta miƙo mini. Ta ce, "Wanda ya saya a Faifai ya ji kunya gaban matarsa, ba zai tuna sunanka ba, Laminu. Faifai zai tuna. Baɗi ba zai sayi ta Nafisa ba, ba zai sayi ta sauran takwas ba, alhali ba su yi masa komai ba. Rabin kuɗi nake ce wa mutane su biya, ban ce su karɓi rabin aiki ba." Ta tsotsi nata. "Kawunka ya rubuta maka manhajar yau. Saura ka haɗa ta."

Muka sha sanda biyar ɗin nan mu tara, har da tela da saurayi mai gilashi. Kowa ya yaba. Ban taɓa shan rake mai zaƙi da wuyar haɗiya irinsa ba.

A hanyar dawowa jami'in iyaka ya gane ni. Ya riƙe katina ya ce, "Kai ne mai tauraruwa." Na ce ni ne. Ya ce matarsa ta ji daɗi kwana ɗaya, washegari ƙanwarta da ke aure a Icirnawa ta tura mata irinsa tana tambaya ko ita ma an yi mata. Ya miƙo katin ya ce in wuce kafin ya tuna da kyau.

Baba ya tambaye ni abu ɗaya: "Sun sha raken?" Na ce sun sha. Ya ce madalla. Da ruwan farko ya sauka na ba wa wani ajiyar rumfa, na bi shi garka. Na yi damina da kaka a can, hannuna ya yi kanta. Da azahar, idan ya kishingiɗa, ni kuma in buɗe ordinatar a inuwa. Na goge saƙonni arba'in ɗin, tauraruwa ce ta ƙarshe, sai da na karanta ta sau ɗaya tukuna. Sabuwar Kewa ba ta da kalma tawa ko ɗaya. Tambaya take yi da murya: me ta ba ka ranar da za ka taho, me ka bari a gida da ba ka ji labarinsa ba, me ka gani yau da ka so tana nan. Mutum ya amsa da bakinsa, ta haɗa, ta tura. Garba na fara ba wa. Ya tambayi 'yan akuya.

Da shekara ta zagayo na koma da sanda goma sha biyu, na kai bakwai. Na dawo da bakwai ɗin a kafaɗa, tun daga Kano har ƙofar gida, ina washe baki. Baba ya dubi damin, fuskarsa ta ɓaci, ya ce, "Raina shi suka yi?" Sai da Inna ta yi masa bayani sau biyu. Har yau bai yarda mutanen kirki ne ba.

Kawu Isufu kuwa ya daina zuwa Kano tun bara waccan, gwiwa ta hana. Ya kafa teburinsa a tashar Matameye, taku goma daga rumfata, ya koma ƙananan kofuna. Bai taɓa sa Kewa a wayarsa ba, ko da na ce kyauta ne. Duk ranar Juma'a Inna Rabi takan zo kasuwa daga Kurni, ta ajiye masa ƙullin yaji a kan tebur ba tare da ta dube shi ba, sannan ta zo wurina ta kwance bakin zane. Tsohuwar wayar 'yarta ce a ciki, wadda aka tura wa saƙon yajin nan daga Kano. Fuskar ta fashe, ba layi, ba ta kira, ba a kiranta. Na sha ce mata in kwashe abin da ke ciki in sa mata a wata sabuwa. Takan ce, "Kai dai cika mata wuta, Laminu, kada ka taɓa komai."